Ba Doka Ce Ta Ɗaure Hannun Ɗan Sanda Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisu da tashoshin mota da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, musamman ranar da aka wayi gari da labarin an soki wani matashi an ƙwace masa waya, ko an tare hanya an kwashi matafiya zuwa daji. Za ka ji ana cewa: "Doka ce ta ɗaure wa 'yan sanda hannu. A sakar musu mara kawai. Duk wanda aka kama a gama da shi nan take, don in an kai shi kotu gobe za ka gan shi yana yawo a gari, an ba da belinsa."

Masu wannan magana ba mugayen mutane ba ne. A cikinsu akwai dattawan da muke girmamawa, akwai uwayen da suka binne 'ya'yansu, akwai manoman da suka sayar da gona da shanu suka biya kuɗin fansa. Wanda bai taɓa kwana da kunne a ƙofa yana sauraron ƙarar babura ba, bai kamata ya yi musu kallon raini ba. Zafin gaskiya ne, ƙorafin ma yana da tushe. Abin da nake ja a kai shi ne maganin da ake kawowa. Ina ganin iyakokin da doka ta shata wa ɗan sanda ba su ne suka jefa mu cikin wannan hali ba. Ƙetare su da aka daɗe ana yi yana cikin manyan abubuwan da suka jefa mu.

Mu fara da asali, domin wanda ke cewa a gwada 'yan sanda marasa takunkumi yana magana ne kamar ba a taɓa gwadawa ba, alhali da su aka fara. Bayan Turawan Ingila sun mamaye Legas a 1861, Kyaftin John Glover ya tara dakaru daga cikin masu jin Hausa da ke can, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Daga wannan tushe aka samu rundunar da aka sa wa sunan Hausa a 1879, kuma an kwashi irin waɗannan dakaru zuwa ƙasar da yau ake kira Gana a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. An zaɓe su ne don baƙi ne a inda za su yi aiki: ba su da uwa ko kawu a garin da za su ji kunyarsa idan aka ce su daka. A Arewa kuma kamfanin Royal Niger ya kafa tasa rundunar mai hedikwata a Lakwaja, aikinta kare cinikin kamfani. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu suka zama 'Yan Sandan Nijeriya.

Abin lura shi ne waɗannan Turawa sun san wata hanyar daban. A 1829 Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan, ya sa musu shuɗin kaya don kada su yi kama da soja, ya ba su kulki maimakon bindiga, bisa tunanin cewa aikinsu ba zai yiwu ba sai da yardar jama'a. Wannan shi ne tsarin da suka ajiye wa kansu a gida. Wanda suka kawo mana na karɓar haraji ne da murƙushe bore. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal da ke yajin aiki a Iva Valley kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. Ba ɓarayi ba ne, ma'aikata ne da ke neman haƙƙinsu.

A nan ƙasar Hausa muna da namu labarin. Dogaran sarki sun girmi zuwan Bature, daga baya aka tsara su suka zama 'yan dokar En'e. Ba a musun cewa sun san gari ciki da bai, sun san ɗan wane da jikan wane, kuma ɓarawo yana shakkarsu. Shi ya sa har yau wasu dattawa ke begen zamaninsu. Amma a tambayi tsofaffin 'yan NEPU abin da suka gani a shekarun 1950: ɗauri don an yi taro ba izini, bulala don an ambaci sunan wani babba a lacca, tafiya a ƙasa da igiya a ƙugu daga ƙauye zuwa birni. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari fiye da sau goma saboda siyasa. Wannan amfani da 'yan doka wajen danne abokan hamayya yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan 1966, ta rushe su ta shigar da su cikin rundunar tarayya.

Samun 'yancin kai bai wanke wannan gado ba. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta Bakolori ta cinye, a yankin Talatar Mafara. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce waɗanda aka kashe sun kai ɗaruruwa. A watan Mayu na 1986 aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Dokar 'yan sanda da Turawa suka rubuta a 1943 kuwa ita aka ci gaba da aiki da ita, da 'yan gyare-gyare, har zuwa 2020. To ina zamanin da aka ɗaure musu hannu? Tarihi yana nuna cewa duk lokacin da aka cire takunkumi, talaka ne ke fara ɗanɗanawa: manomi, lebura, ɗalibi, ɗan adawa.

Yanzu mu duba abin da dokar ta ce, domin da yawa daga masu zarginta ba su taɓa jin an karanta ta ba. Ɗan sanda yana da ikon kama mutum ba tare da takardar kotu ba idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin ya aikata laifi. Yana da ikon tsayar da mutum ya caje shi. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare haƙƙin rayuwa, shi da kansa ya yarda a yi amfani da ƙarfi gwargwadon larura, ko da zai kai ga kisa, don kare mutum daga hari, ko don kama wanda ya wajaba a kama, ko hana tsararre tserewa, ko kwantar da tarzoma. Ɗan fashin da ya ɗaga bindiga ya nufi ɗan sanda ko ya nufi wani bawan Allah, babu dokar da ta ce a tsaya ana kallonsa. Hukuncin fashi da makami kisa ne. Wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, DPO ba shi da hurumin ba da belinsa, majistare ma haka, sai alƙalin babbar kotu, shi ma sai da dalili na musamman. Idan bincike bai kammala ba, doka ta ba 'yan sanda damar neman kotu ta tsare musu mutum na kwana 14, kuma ana iya sabuntawa.

Abin da doka ta hana kaɗan ne, kuma kowane ɗaya mai hankali zai so a hana shi idan ɗansa ne a hannu. Sashe na 34 ya hana azabtarwa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa, kuma a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna da Kano suka yi tasu makamanciyarta, da sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sun hana kama wani a madadin wani, sun hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Dokar 2020 ta ƙara da cewa askin mutum ko suturarsa ba dalilin zargi ba ne.

A ɗauki hana kamun madadi kaɗai a dube shi da idon basira. Ana neman wani saurayi, an zo gida da asuba ba a same shi ba, sai a tasa ƙeyar mahaifiyarsa zuwa caji ofis. Tsohuwa da ba ta taɓa taka ƙofar hukuma ba, an ce ta cire takalmi, an karɓe 'yar wayarta da ƙullin kuɗin da ke bakin zaninta an rubuta a littafi, an zaunar da ita a benci bayan kanta. Ga maganin hawan jininta can a gida. Tana tambayar kofur laifin da ta yi, yana ce mata sai ɗanta ya kawo kansa. Dangi suna tsaye a waje ƙarƙashin bishiya suna harhaɗa abin da za a miƙa, a jikin bango kuma ga rubutu da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Wace ɓarna aka hana da zaman wannan baiwar Allah? Abin da aka samu kawai shi ne unguwa guda ta ƙara koyon darasi: idan ka ga abu, ka yi shiru, kada sunanka ya shiga littafin 'yan sanda.

Wannan darasi shi ne babbar asarar. Ɗan sanda ba ya duba, ba ya bugun ƙasa. Kusan duk laifin da aka gano, wani ne ya buɗe baki: maƙwabcin da ya ga ana shigar da babura da dare, mai shagon da ya lura ana sayen burodi da man fetur fiye da kima, direban da ya ga baƙuwar fuska a mahaɗa. A ƙasar da mai kawo rahoto ke tsoron a mayar da shi wanda ake zargi, a ƙasar da mai ɗaukar wanda aka harba zuwa asibiti ke fargabar kwana a bayan kanta, ɓarawo ne ke cin riba. Kowane mari da aka yi ba dalili a shingen hanya, kowace naira da aka karɓa da sunan beli, suna toshe bakin shaidun da gobe za a nema a rasa.

Sai batun azabtarwa, wadda wasu ke ganin ita ce gajeriyar hanyar jin gaskiya. Mutumin da aka rataye ana duka zai amsa duk abin da aka ce ya amsa, har laifin da aka yi kafin a haife shi. Idan ba shi ne ya yi ba, an rufe fayil a kan marar laifi, mai laifin na gaskiya yana gari yana shirin na gaba. Idan kuma shi ne ya yi, an ba lauyansa makami. Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa ba. Ranar shari'a wanda ake tuhuma zai ɗaga riga ya nuna wa alƙali tabon bayansa, a dakatar da ainihin shari'ar a shiga wata ƙarama don a gano yadda aka ɗauki bayanin. In aka yi watsi da takardar, sai a juya a ga babu komai a fayil ɗin: ba a ɗauki zanen yatsa ba, ba a bi sawun kiran waya ba, ba a nemi shaidu ba, domin tun farko an dogara ga duka. Nan ne mai laifi ke fita, jama'a kuma su ce kotu ta saki ɓarawo. Kotu ba ta sake shi don tausayi ba. Binciken da ba a yi ba ne ya sake shi.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ba kuma Turawa suka koya mana ita ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin shari'a ya san cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, ya san ana kauce wa zartar da haddi idan akwai shubuha, ya san mafi rinjayen malamai ba sa karɓar iƙirarin wanda aka tilasta. Ya san kuma yanke hukunci aikin alƙali ne, ba na wanda ya yi kamu ba. Malaman jihadin Sakkwato sun yi rubutu mai yawa a kan wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan zamaninsa kan cin dukiyar talakawa da hukunci bisa son rai, Shehu Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam don ya nuna wa masu mulki iyakokinsu. Mai cewa a kashe ba tare da shari'a ba yana neman abin da Kundin Tsarin Mulki ya hana, addininsa ma ya hana.

Ga kuma wata hujja da ta shafi tsaro kai tsaye: matacce ba ya tona asiri. A 1986 ɗan fashi Lawrence Anini ya addabi birnin Benin har shugaban ƙasa na lokacin, Janar Babangida, ya tambayi Sufeto Janar inda yake. Da aka kama shi da ransa a watan Disamba na shekarar, bayanansa da na abokansa ne suka tabbatar da hannun wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, wajen taimaka musu da makamai da bayanai. An yi musu shari'a, an zartar musu da hukuncin kisa a 1987. Da an harbe Anini a inda aka same shi, da jami'in ya ci gaba da zama a ofishinsa yana neman sabon yaro. A yau ma tambayar da ta fi damun mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato ita ce wa ke kawo bindigogi, wa ke kai abinci da ƙwaya daji, wa ke ba da labarin gidan da za a shiga. Ikon kashe wanda aka kama, babbar kyauta ce ga duk mai tsoron a ambaci sunansa.

Babu misalin da ya kai na Maiduguri ciwo. A ƙarshen watan Yuli na 2009 sojoji suka kama Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, suka miƙa shi ga 'yan sanda da ransa. Cikin 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa. Surukinsa Baba Fugu, dattijo da ya kai kansa ofishin 'yan sanda, shi ma aka kashe shi, har daga baya babbar kotun Borno ta ba da umarnin a biya iyalansa diyyar naira miliyan 100. A farkon 2010 tashar Aljazeera ta nuna hoton bidiyo na jami'ai suna harbe mutanen da aka kwantar a ƙasa. A lokacin mutane da yawa sun ce an huta. Muhammad Yusuf yana da tambayoyi masu nauyi da ya kamata ya amsa a gaban alƙali, kan jinin da aka zubar da kan waɗanda suka tsaya masa. Ba a ji amsar ko ɗaya ba. Mabiyansa suka mayar da kisan abin wa'azin ɗaukar fansa, jagoranci ya koma hannun Abubakar Shekau. A watan Satumba na 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi, a watan Yuni na 2011 suka kai bam hedikwatar 'yan sanda a Abuja, a ranar 20 ga Janairu 2012 suka far wa ofisoshin 'yan sanda a Kano aka rasa rayuka fiye da 180. Alhakin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka aikata ta. Amma babu mai iya cewa gajeriyar hanyar da aka bi a 2009 ta kawo zaman lafiya, kuma 'yan sanda suna cikin waɗanda suka fi biyan farashinta da rayukansu.

Rundunar SARS ma da irin wannan tunani ta ginu. An kafa ta a 1992 don yaƙi da fashi da makami, aka bar ta tana aiki cikin farin kaya da motoci marasa lamba, ba mai tambaya. A hankali ta zama abin tsoro ga matashin da ke ɗauke da kwamfuta fiye da ɗan fashi, har zanga-zangar da ta tilasta rushe ta a ranar 11 ga Oktoba 2020. Wasu a Arewa sun ce wannan matsalar 'yan Kudu ce. Sai dai hankalin da ke mayar da zargi hukunci ba ya tambayar gari. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan banga suka tare wasu mafarauta a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano don yin salla. Aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Duk Arewa ta yi kuka, aka ce me ya sa ba a miƙa su ga hukuma an bincika ba. Tambayar daidai ce. Amma wanda ya yi ta ranar Uromi ba zai dawo gida ya ce a gama da wanda aka kama nan take ba, domin waɗanda suka yi kisan Uromi su ma sun yi imani ɓarayi suka kama.

To idan ba doka ba ce, me ya raunana 'yan sanda? Amsar tana cikin yadda aka tsara rundunar da yadda ake riƙe ta. Sashe na 214 na Kundin 1999 ya kafa runduna ɗaya tilo ga ƙasa baki ɗaya. Sufeto Janar yana Abuja, ƙarƙashinsa mataimaka da ke riƙe da shiyyoyi, sai kwamishina a kowace jiha, sai kwamandan yanki, sai DPO, har zuwa ɗan ƙaramin ofishin ƙauye. Gwamna na iya ba kwamishina umarni, amma kwamishina na iya cewa sai ya ji daga sama. Adadin da aka saba ambatawa na jami'an bai kai 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. A 2018 Mike Okiro, tsohon Sufeto Janar da ke shugabantar Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda a lokacin, ya ce fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane ne da wasu da ba su cancanta ba. Kuɗi yakan maƙale a sama kafin ya gangaro, shi ya sa mai kawo ƙara ne ke sayen man mota, wani lokaci har takarda da biro. Barikoki da yawa sun lalace, tsofaffin jami'ai suna zanga-zanga kan fansho. Ɗan sandan da aka tura ƙauye da tsohuwar bindiga da harsashi ƙidayayye ya fuskanci mahara a kan babura hamsin, ba sashe na 35 ne ya hana shi aiki ba.

Kotuna ma suna da nasu kason. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalarmu ba yawan sakin mutane ba ce, rashin kammala shari'a ne. Fayil ya kwana a ofishin ba da shawarar lauyoyin gwamnati, an yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, shaidu sun gaji da zirga-zirga sun daina zuwa. Amma idan aka so, ana iyawa. A shari'ar wata yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, an kama mai makarantar a watan Janairu na 2022, an bi sawun waya, an tono hujja, an kawo shaidu, babbar kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na shekarar. Wata bakwai bai cika ba, kuma babu wanda ya isa ya ce an zalunce shi. Irin wannan ya kamata mu nema wa kowace shari'a.

Muhawarar 'yan sandan jihohi da aka daɗe ana yi tana da amfani, kuma masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi, domin ɗan gari ya fi baƙo sanin lungu. Amma ko a hannun wa rundunar take, Abuja ko gidan gwamnatin jiha, tambayar ɗaya ce: wa zai tsawata mata idan ta ƙetare iyaka? Idan aka raba bindiga ba a raba da takunkumi ba, za a koma zamanin da 'yan doka ke farautar 'yan adawa, wannan karon da manyan makamai. Linzami ba ya rage wa doki ƙarfi, shi ne ke sa ƙarfin ya kai mahayi inda ya nufa.

Kada a manta iyakokin nan suna kare ɗan sandan kansa. Kurtu ko kofur da aka ba umarnin ya yi abin da bai halatta ba, shi ne zai tsaya gaban alƙali idan asiri ya tonu, mai ba da umarnin sau da yawa ya zame. A shari'ar matasa shida da aka kashe a Apo ta Abuja a 2005, ƙananan jami'ai biyu aka yanke wa hukuncin kisa a 2017. Akwai dubban 'yan sanda masu amana, 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka fito daga kwalejin Kaduna ko makarantar Wudil, waɗanda ke kwana a titi muna barci. Doka ce ke ba irin waɗannan ƙafar tsayawa su ce wa na sama da su, ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba.

Saboda haka ina roƙon iyayena da 'yan'uwana masu wancan ra'ayi mu juya fushinmu inda zai yi amfani. Mu matsa wa wakilanmu a dawo da jami'an da ke riƙe wa manya jaka zuwa unguwanni da ƙauyuka. Mu nemi kuɗin aiki ya isa ofishin DPO, a horar da masu bincike, a ba su kayan aiki. Mu tambaya ko majistare yana kai ziyarar wata-wata da doka ta wajabta masa zuwa wuraren tsare mutane. Mu daina kai ƙarar bashi da rikicin gado caji ofis, domin duk awar da ɗan sanda ya ɓata yana karɓar wa wani kuɗinsa, an cire ta ne daga farautar mai kisa. Idan an zalunce mu, mu kai kuka Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko kotu, mu kuma tsaya a kan ƙarar har ƙarshe. Idan an kira mu shaida, mu je.

Wannan hanya ta fi tsawo, ta fi gajiyarwa, ba ta kuma sanyaya zuciya nan take kamar yadda ramuwa ke yi. Amma ɗaya hanyar mun bi ta tun 1861, mun ga inda take kaiwa. Muna son ɗan sanda mai ƙarfin da ɓarawo zai ji tsoronsa, wanda kuma marar laifi zai tunkare shi da tsakar dare ba fargaba. Ba a samun na farko sai da na biyu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kare jami'anmu masu amana.